Dodo da Gingimarin Teku

Sunansa na yanka Muntari, amma in ka shiga Runjin Sambo kana cigiyar Muntari sai rana ta faɗi ba ka same shi ba. Ka ce Dodo mai gidan gem, ko akuya ta nuna maka shagon. Ba shi ya zaɓi sunan ba. Tun yana goye matan Ƙofar Dundaye suka laƙa masa, don uwarsa Delu in ta goyo shi sai ka ce buhun gero ta ɗauko, kuma da ya fara tafiya da shi ake razana yaran da suka ƙi cin tuwo.

Gidansu gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Ya buɗe ido ya ga ubansa yana kayar da bijimi, ya ga jini yana bin kwata kamar ruwan wanki, har abin ya daina ɗaga masa gira. Shekarar Udoji, da kuɗi suka zubo wa ma'aikata kowane akawu ya ga shi ma ya isa cin nama safe da yamma, sai kasuwar mahauta ta buɗe. Uban Dodo ya sayi firiji da talabijin da babur, ya kuma bar yaron ya ci duk abin da cikinsa zai ɗauka. Cikin kuwa bai san an ƙoshi ba. Kafin gemu ya fito masa ya riga ya fi ƙofar zaurensu faɗi, sai ya karkace yake shiga gida.

Ɗan mahauci mai irin wannan jiki ba a tambayarsa abin da zai yi bayan kaka. Dambe ne, gadon gida. Aka naɗe masa hannun dama da zare har ya koma kamar kan taɓarya, aka tura shi fage. Sauri dai ba shi da shi ko kaɗan. Samari masu rawar ƙafa sukan yi ta zagaye shi suna tsalle-tsalle, shi kuwa yana tsaye a karkace, hannun hagu a gaba yana tare fuska, na dama a baya yana jira. Sai mutum ya gaji da rawar kai ya matso, sannan ya saki guda ɗaya. Ba a cika neman na biyu ba. Makaɗa suka so shi, 'yan kallo suka so shi, shi ma, gaskiya ɗaya ce, ya so abin. Yana jin daɗin ƙarar da hannunsa ke yi in ya sauka a muƙamuƙin mutum, daɗin da bai taɓa samu a nama ko a barci ba.

Ranar da damben ya ƙare masa, zamanin da sojoji ke koya wa mutane bin layi da bulala ne. Aka haɗa shi da wani saurayi daga Mabera, Illo, baduku ne mai ɗinkin jakunkunan fata, siriri, mai yawan dariya. Illo ya shigo kamar walƙiya ya fasa wa Dodo hanci, ya fita, ya sake dawowa ya ƙara masa a wurin. Jini ya wanke wa Dodo ƙirji, fage ya ɗauki dariya. Dodo bai saba a yi masa dariya ba. Ana cikin haka ƙafar Illo ta zame a kan yashi, gwiwarsa da tafinsa suka taɓa ƙasa. A dokar dambe an gama ke nan, wanda ya taɓa ƙasa ya faɗi, ba a ƙara taɓa shi. Dodo ya gani sarai. Ya gani, kuma ya saki hannun.

Dukan ya sauka a bayan kunnen Illo, aka ji ƙara kamar an taka ƙwarya. Kalangu ya tsaya. Illo ya kife, ƙafafunsa suna shure-shure kamar na ragon da aka yanka, jini yana fita ta kunne da hanci. Bai mutu ba, amma Illon da ya tashi daga gadon asibiti ba shi ne wanda ya faɗi ba. Ido ɗaya ya tafi, baki ya karkace yana zubar da miyau, allurar ɗinki ma bai san me ake yi da ita ba. In ya ji kiɗan kalangu ko daga nesa ne, sai ya durƙusa ya rufe kai da hannu biyu.

Labari ya riga Dodo isa gida. Ya tarar da Delu tsaye a tsakar gida, matan gidan duk sun yi cirko-cirko. Shi ne autanta, don haka ba ta jin nauyin kiran sunansa. Ta kama hannun da kanta ta warware zaren, da jinin Illo a jiki bai ko bushe ba, ta jefa shi cikin murhu.

"Muntari, ɗan mutane shina ƙasa kab buge shi?"

"Inna, hushi na..."

"Hushi. To ji nan da kyau. Wanga hannu, in kas sake ɗaga shi bisa ɗan Adam, ko wa na, ko mi yay yi maka, ban yahe maka nonon da kash sha ba. Duniya da lahira."

Ba a ɓoye ta faɗa ba. Maƙwabta sun ji ta kan katanga, kafin magariba duk Ƙofar Dundaye ta sani, kafin mako ya zagayo har Mabera an ji. Da damina ta zo Delu ta kwanta ciwo ta rasu, ba ta janye ko harafi ɗaya ba. Maganar mai rai ana komawa a durƙusa a roƙi sassauci. Ta wadda ta riga mu gidan gaskiya fa, wa za ka roƙa? Dodo ya zauna da ita haka, kuma tsoronta ya fi masa tsoron wuƙa.

Sai dai hali zanen dutse ne, rantsuwa ba ta goge shi. Fushin yana nan inda yake. Ya koma fawa, amma in mai saye ya yi masa tayin rainin wayo sai ya ji hannun yana masa ƙaiƙayi, ya zaga bayan rumfa ya yi ta naushin cinyar bijimin da aka rataye har nama ya dagargaje. Ya auri Mairo suka koma Runjin Sambo, a watan farko ya huda katangar ɗakinsu da dunƙule saboda wani mai kura ya taka shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: 'yan tsirarun mutanen da a da ko inuwarsa ba sa takawa, yanzu su ne masu bangaje shi a kasuwa suna waiwaye suna murmushi. Da ya ga wuƙa da irin zuciyarsa ba za su daɗe a rumfa ɗaya lafiya ba, ya ajiye fawar.

Abokinsa na ƙuruciya, Tukur, mai saro kayan lantarki daga Legas, shi ya buɗe shago a bakin titi ya zaunar da shi. Talabijin biyu, na'urorin gem, benci, da ɗan janareta don in an ɗauke wuta. Masu zuwa yawanci 'yan kabu-kabu ne da makanikai da 'yan bumburutu, mutanen da wahalar mai ta waɗancan shekarun ta sa ko dai suna bin layi a gidan mai ana tsula musu bulala, ko suna zaune ba aikin yi. Da Dodo a bakin ƙofa ba wanda ke tada rigima, don baƙo bai san da rantsuwa ba, ɗan gari kuma yakan manta in ya dubi faɗin ƙirjin.

Cikin kaset-kaset ɗin da Tukur ya kawo akwai wani da ba wanda ya iya karanta rubutun jikinsa. Da aka sa shi sai ga teku shuɗi fal talabijin, da jiragen ruwa irin na da, masu dogayen sanduna da manyan ƙyallaye da iska ke turawa. Mutum biyu ke bugawa, kowa ya zaɓi jirginsa, a yi ta ɓarin wuta har ɗaya ya nutse. Ka tuna fa, mutanen nan babban ruwan da suka taɓa gani shi ne gulbin Kwalkwalawa da damina. Suka raɗa wa jiragen suna da kansu. Ƙananan su ne Zomo da Tsada, babban cikinsu kuwa, mai bakunan igwa hawa uku, suka ce Gingimari.

Kowa ya fara zuwa Gingimari yake ɗauka, don ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Kuma kowa ya ɗauke shi sai ya sha kashi. Ɗan kabu-kabu ya tuƙa shi kamar babur, ya ce zai yanke kwana, jirgi ya tafi can ya kafe a cikin yashi. Makaniki ya saita goshinsa ya nufi abokin gaba gadan-gadan kamar karon raguna, ya danna wuta, harsasai su watse hagu da dama cikin ruwa, ƙaramin jirgi ya zagayo ta baya ya cinna masa wuta. Ba a jima ba aka yanke wa Gingimari hukunci: girman banza ne, jirgin ragwaye.

Dodo yana kallo daga bakin ƙofa, maganar girman banza tana sukarsa ba tare da ya san dalili ba. Wata rana bayan azahar da shago ya yi sauƙi, ya ɗauki madanni, abin ya ɓace a cikin tafinsa. Ya juya jirgin a hankali, ya lura da inda bakunan igwa suke, ya lura da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin a sake ɗura su. Sai ya yi wata dariya da Tukur ya ce rabon da ya ji ta tun Delu tana da rai. Abin da ke cikin talabijin ɗin shi ne kansa, tsaye a fage.

Daga ranar ba a ƙara nutsar da Gingimari ba in Dodo ke riƙe da shi. Ba ya kuma rowar sirrin, don yana son a zo da shiri.

"Ku kun ɗauka rago na," haka yake ce wa samarin. "Gingimari ba ya karo da goshi. Dibi inda igwa take, ga haƙarƙari take. Gehe zaka ba mutum. Ka nemi iska ta kasance bayanka tun ba a hwara ba. Kak ka bi ƙarami, ba ka cim mai, bari shi taho da ƙahwatai. In zaka juyawa ka hwara tun shina nesa, don abin ga ba ya jin magana da wuri. Inda ruwa yay yi haske kak ka shiga, yashi na. Bayanka shi na lagonka, jingina shi ga tsibiri." Sai ya ɗaga babban yatsan damansa. "Uwa uba, kak ka harba sai ka ga mutanen cikin jirginai. In kah harba shina nesa, kafin a ɗura maka wata ka zama gawa."

Kallon yaƙinsa kuwa sai mai ƙarfin zuciya. Zai tsaya cak a tsakiyar ruwa, ƙaramin jirgi yana zagaye shi yana caccakarsa, katako yana tsalle, ƙyallaye suna yagewa, mutanensa suna faɗawa teku, shi ko gezau. Shago ya ɗauki ihu, "Harba mana, Dodo!" Ba ya ko ƙifta ido. Sai ɗan ƙaramin ya ga banza ta faɗi ya matso, sannan yatsan ya sauka. Hawa uku na igwa su tashi lokaci guda, talabijin ya yi fari, sanduna su karye su rufto, jirgi ya rabe biyu yana ci da wuta, 'yan mutanen ciki suna iyo wuta na bin su. Dodo ya saki numfashi, gumi na bin wuyansa, fuskarsa tana sheƙi. Tukur ya taɓa tsokanarsa cewa wannan ai damben ne ya dawo ta taga. Ya ce, "Inna ɗan Adam tac ce. Ba ta ce jirgi ba." Mairo ma ta shaida, tun da jirgin nan ya zo ba a ƙara kiran magini gidansu ba.

Ana nan sai wani ɗan bumburutu ya fara zuwa shagon, siriri, da tabon bulalar soja a wuya da kafaɗa. Ba ya sallama, ba ya dariya. Dodo ya dube shi sau ɗaya ya san ko jinin wane ne, don fuskar Illo ce sak kafin a lalata ta. Lawwali ne, ƙanen Illo. Yana ƙarami aka yi abin, kuma tun daga lokacin shi ke ba wansa tuwo a baki, shi ke goge masa miyau, shi ke bin kasuwa nemansa in ya ɓace. Ya girma da wannan aikin, ya kuma girma da labarin rantsuwar Delu.

Kullum Lawwali Zomo yake ɗauka, mafi ƙanƙanta, kuma da Dodo kaɗai yake bugawa. Kullum ana nutsar da shi, ya tashi ya fita, gobe ya dawo. Sannu a hankali ya daina kutsawa. Sai ya matso kamar zai shigo, ya ja da baya, ya sake matsowa, yana auna inda wutar ke kaiwa. Wata rana suna cikin wannan, Zomo yana daf da inda harsashi ke isa amma bai shigo ba, Lawwali ya ce a hankali, idonsa a kan talabijin, "Illo na gaishe ka."

Yatsan Dodo ya danna da kansa. Igwa ta tashi gaba ɗaya, harsasai suka zube cikin ruwa a banza. Kafin a ɗura wata Zomo ya zagaya baya, ya yi ta zuba wuta ta tagogin bayan jirgin, mutanensa suka haura da takubba suna sara, Gingimari ya kama da wuta ya tafi ƙasa da kai. 

Lawwali ya ajiye madanni ya miƙe. "Ashe haka aka cin Gingimari," ya ce. "Ba ƙarhi aka sa mai ba. Sa shi aka yi shi harba."

Dodo ya gane. Yaron nan ba dukansa yake nema ba, don duka yana warkewa. So yake Dodo ya ɗaga hannu ko sau ɗaya, bakin Delu ya kama shi duniya da lahira.

Daga nan Lawwali ya bar talabijin ya koma kan mutum. Ya tofa yawu a kan takalmin Dodo. Ya karkaɗe tokar taba a cikin kwanon abincin da Mairo ta aiko. Ya shure benci da mutane a kai. Wata Juma'a ana dawowa daga masallaci, a gaban dattawan unguwa, ya yi tsalle ya sharara masa mari har hularsa ta faɗa kwata, sannan ya tsaya ya miƙo kumatu yana jira. Dodo ya koyi zama da hannun dama cikin aljihu, yana damƙe da yadin rigar har ya yage. Mairo ta ɗinke aljihu har ta gaji, ta koma sa masa ƙyallen buhu. Tukur ya ce a kai ƙara, Dodo ya ƙi. Ya ce ya je ya ce wa hukuma mene ne, ƙanen mutumin da ya nakasa yana marinsa? A gida kuwa ba ya iya cin abinci, sai ya zauna yana kallon hannun kamar wata dabba da aka ba shi ajiya. Tsoronsa yake ji, don ya san hannun bai yi rantsuwa da kowa ba.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, bayan la'asar ne, titi cike da mutane. Lawwali ya iso da abokansa na bumburutu, shi da guntun rodi a hannu, su da wuƙaƙe tsirara. Suka yi da'ira suka tare jama'a, duk wanda ya matso su nuna masa tsini. Samarin da ke cikin shago suka maƙale a lungu. Dodo ya miƙe ya cika ƙofa, kuma da yake ƙofar ba ta ɗaukar faɗinsa, a karkace ya tsaya. Bai san lokacin da hagunsa ya tashi gaba ba, bai san lokacin da daman ya fito daga aljihu ya koma baya a dunƙule ba. Tsofaffin da ke zaune gindin dalbejiya suka miƙe tsaye, don sun san wannan tsayuwar.

Rodin farko ya sauka a haƙarƙari, Dodo ya ji wani abu ya ɓalle a ciki. Na biyu a kafaɗa. Na uku ya tsaga masa gira, jini ya rufe ido ɗaya. Bai motsa ba. Lawwali yana haki ya matso taku ɗaya, ya ƙara ɗaya, har numfashinsa yana taɓa ƙirjin Dodo, sannan ya buɗe baki ya kira sunan Delu. Ya zage ta zagin da ba a maimaitawa, ya zagi nonon da ta shayar da shi, ya zagi kabarinta, da ƙarfi yadda har masu shago na ƙetaren titi suka toshe kunne.

Titi ya ɓarke. "Buge shi, Dodo! Uwarka yaz zaga! Buge shi!" Har dattawan da suka san rantsuwar suna cikin masu ihun, don wane ɗan halak ne za a zagi uwarsa a kabari ya tsaya?

Dodo yana ganin wurin. Lawwali ya ɗan juya kai da gangan, ga bayan kunne nan a fili, daidai inda na Illo yake. Tazarar ta yi, ba ta taɓa yin kyau haka ba ko a fage ko a teku. Kafaɗarsa ta riga ta fara juyawa, daɗin nan na da ya riga ya taso masa har maƙogwaro, kuma yana so, wallahi yana so. Ya san in ya ƙara daƙiƙa guda a haka hannun zai tafi ko ya yarda ko bai yarda ba. Sai ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya buɗe yatsun da ƙyar kamar mai ɓare ƙarfe, ya shimfiɗa tafin a kan dakalin siminti na bakin ƙofa, ya danne tsintsiyar hannun da hagunsa.

"Ga shi nan," ya ce. "Shi yay yi wa Illo. Yi abin da kaka so da shi. Ni dai ba ni ɗaga shi."

Lawwali ya tsaya. "Tashi ka buge ni!" Ya shure shi a ciki. "Buge ni, ɗan mahauci! Don Allah ka buge ni!" Hawaye suka zubo masa, muryarsa ta koma ta yaro. Da ya ga ba za a ba shi abin da ya zo nema ba, ya ɗaga rodin da hannu biyu ya sauke a kan tafin. Aka ji ƙasusuwa suna karyewa kamar karan dawa. Ya sake ɗagawa, ya sake, jini yana fallatsa a bango, Dodo ya kafa haƙora a tasa kafaɗar yana gurnani amma bai janye ba. Sai da hannun ya daina kama da hannu Lawwali ya yar da rodin, ya zauna a bakin kwata ya rufe kai da hannu biyu, irin yadda wansa ke yi, yana kuka. Abokansa suka dubi juna suka sulale.

Da 'yan sanda suka zo asibiti suna tambayar suna, Dodo ya ce bai ga fuskar kowa ba, jini ya rufe masa ido. Tukur ya yi kamar ya cinye shi don haushi. Dodo ya ce, "In anka kulle shi, wa ka ba Illo tuwo?" Lawwali bai ƙara bi ta titin ba. Shagon ya ci gaba har kaset ɗin ya tsufa ya daina kamawa, amma Dodo bai sake riƙe madanni ba, sai dai ya zauna bakin ƙofa yana yi wa samari tsawa su ba da gefe, su kuwa suna ta karo da goshi abinsu. Tuwo ma da cokali ya koma ci, yana riƙe shi tsakanin yatsu biyu, ƙato guda kamar ɗan yaye.

Amma wannan duk daga baya ne. Da aka ɗinke fatar aka sallame shi, Mairo ta kai shi wurin wani tsohon mai ɗori a Ƙofar Dundaye, wanda ya san Delu tun tana amarya. Tsohon ya daɗe yana lalubar abin da ya rage, yana girgiza kai, sannan ya jera karare ya ɗauko zare ya fara naɗewa. Dodo ya zuba wa zaren ido yana zagaya hannunsa, karo na farko tun ranar da aka jefa wancan a murhu.

"Baba," ya ce, "in ya warke, shina dunƙuluwa?"

"Wanga?" in ji tsohon. "Ɗana, ka yi haƙuri. Ko lomar tuwo ba ya ƙara dunƙulawa."

 Sai kafaɗun Dodo suka fara rawa, ƙaton mutum ya fashe da kuka a zauren mutane, hawaye na bin ɗinkin girarsa. Mairo ta ɗauka zafin ɗori ne, ta matso tana yi masa fifita tana sannu.

"Ba ciwo na ba, Mairo," ya ce. "Yanzu ko yaushe nit tahi, ina iya duban Inna."